Fashin baƙi: Makomar tallafin ƙasashen waje a Nguru da Gashuwa

A lissafin Bankin Duniya, Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashe matalauta. Fiye da shekara 15 ke nan bankin yana sanya ta a rukunin ƙasashe masu matsakaicin kuɗin shiga, sahu ɗaya da Indiya da Masar da Kenya da Ghana. Jamhuriyar Nijar kuwa, wadda ta yi iyaka da ƙananan hukumomin Machina da Yusufari da Yunusari na Jihar Yobe, tana rukunin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Manomin shinkafa a fadamar Gashuwa da masunci a tafkin Nguru ba lallai su san da wannan rabe-rabe ba. Sai dai yana da hannu wajen yanke irin taimakon da zai iso gare su daga waje, ko kyauta ce ko rance, da kuma wanda zai ɗauki nauyin aiki ranar da baƙi suka tattara nasu ya nasu. Arewacin Yobe ya ga kusan kowane salo na wannan taimako tun daga 1987, don haka tarihinsa ya isa a auna abin da ke tafe.

Yadda ake raba ƙasashe

A ranar 1 ga Yulin kowace shekara Bankin Duniya yake sabunta jerin. Yakan ɗauki jimillar kuɗin da ƙasa ta samu a shekara, ya mayar da shi dala, sannan ya raba da yawan jama'arta. A ma'aunin Yulin 2025, ƙasar da rabon mutum ɗaya bai wuce dala 1,135 ba ita ce mai ƙaramin ƙarfi. Daga dala 1,136 zuwa 4,495 matakin farko ne na masu matsakaicin kuɗin shiga, kuma nan Najeriya take. Mataki na biyu ya kai dala 13,935, daga nan sai ƙasashe masu arziki.

Matsalar wannan lissafi ita ce kuɗin goro yake yi wa kowa. Arzikin man fetur na yankin Neja Dalta da hada-hadar bankunan Legas ana raba su a takarda har da makiyayin da ke Karasuwa, alhali ko sisi bai shiga aljihunsa ba. Binciken talauci ta fuskoki da dama da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamban 2022 ya nuna cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna fama da rashi a fannonin lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi. Kashi 65 cikin 100 na waɗannan mutane a Arewa suke, kuma Yobe na cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Ba Najeriya kaɗai ke cikin wannan hali ba. Tun a 2010 wani masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, Andy Sumner, ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na matalautan duniya suna zaune ne a ƙasashe masu matsakaicin kuɗin shiga. Daga nan muhawara ta kaure tsakanin masu ba da tallafi. Wani ɓangare na cewa ƙasar da ke sayar da ɗanyen mai ta kuma harba tauraron ɗan'adam ya kamata ta ciyar da talakawanta daga harajinta. Ɗaya ɓangaren na cewa talaka talaka ne ko a wace ƙasa aka haife shi. A aikace, ra'ayin farko ne ke yin rinjaye.

Abin da ke sauyawa idan ƙasa ta hau mataki

Sauyi na farko shi ne kyauta tana raguwa, rance yana ƙaruwa. Bankin Duniya yana da taga biyu: IDA mai ba ƙasashe marasa ƙarfi kyauta ko rance mai sauƙi na shekaru masu yawa, da IBRD mai ba da rance bisa sharuɗɗan da suka fi kusa da na kasuwa. Najeriya na cikin ƙasashen da aka yarje wa karɓa daga duka biyun, kuma a yau tana cikin ƙasashe uku da IDA ta fi bi bashi a duniya, tare da Bangaladash da Pakistan.

Na biyu, ana buƙatar ƙasa ta riƙa zuba nata kason. Ƙawancen rigakafi na Gavi, wanda ke tallafa wa sayen alluran rigakafin yara, yana yaye ƙasa sannu a hankali idan kuɗin shigarta ya haura wani mizani. Najeriya ta shiga wannan layi, amma ganin yawan yaran da ba su samun rigakafi, sai hukumar gudanarwar Gavi ta amince a 2018 da tsawaita tallafin zuwa 2028, bisa sharaɗin gwamnati ta riƙa ƙara nata kuɗin kowace shekara.

Na uku, kalmar da ake amfani da ita kanta tana canzawa daga taimako zuwa haɗin gwiwa: musayar masana, bincike, zuba jari da lamuni ga 'yan kasuwa. Ita ma Najeriya mai bayarwa ce. Ta kafa asusunta a Bankin Raya Afirka a 1976 domin rance mai sauƙi ga ƙasashen nahiyar, kuma tun 1987 take tura likitoci da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik ƙarƙashin shirin agajin ƙwararru.

Dausayin da ya jawo hankalin duniya

Abin da ya fara kawo masu tallafi arewacin Yobe shi ne ruwa. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna malala a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, su bar fadamu da tafkuna, kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda ke bi ta iyakar Najeriya da Nijar ya faɗa Tafkin Chadi. Wannan dausayi ke ciyar da manoman shinkafa da masu noman rani da masunta da makiyaya, kuma nan ne tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai suke sauka lokacin hunturu.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a Jihar Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Tare da farin shekarun 1970 da 1980, madatsun sun rage ambaliyar damina da fadamun suka dogara da ita, suka kuma sa ruwa yana gudana kaɗan-kaɗan har cikin rani. Irin wannan yanayi ne ciyawar kacalla ke so. Ta mamaye hanyoyin ruwa, yashi ya taru a bayanta, wasu rassan kogin irin su Burum Gana suka toshe, ruwan ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon haka wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, ruwan da ke isa Gashuwa daga kogin Haɗeja ya ragu, ita kuma kacallar ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

A 1987 aka kafa Shirin Kare Dausayin Haɗeja da Nguru, mai hedikwata a Nguru, da haɗin gwiwar ƙungiyar kare muhalli ta duniya IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya RSPB da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya. Da tsuntsaye aka fara, amma ba a jima ba aka gane cewa batun na ruwa ne da abincin jama'a. Wani nazari da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya gano cewa idan aka auna da yawan ruwan da ake amfani da shi, amfanin da ake samu a dausayin ta noma da su da itace ya ninka wanda ake samu a aikin noman rani na Kogin Kano. Wannan nazari ya zama hujjar da ake kafawa da ita a tarukan ruwa na duniya. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa a jerin dausayoyi masu muhimmanci na Yarjejeniyar Ramsar, tafkin Dagona da ke kusa da Gashuwa kuma ya bi sahu a 2008.

Ilimin ya samu, sunan ma ya fita. Amma ikon sakin ruwa daga Tiga da Challawa yana hannun hukumomin Najeriya, kuma babu wata ƙungiyar waje da za ta iya yanke wannan hukunci a madadinsu.

Darasin Garin Alkali

Ɗaya daga cikin manyan ayyukan kyauta da yankin ya taɓa gani shi ne Shirin Raya Yankin Hamada na Arewa Maso Gabas, wanda aka fi sani da NEAZDP, mai hedikwata a Garin Alkali kusa da Gashuwa. Ya fara aiki a 1990, tun yankin yana cikin tsohuwar Jihar Borno, kafin a ƙirƙiro Yobe a ranar 27 ga Agustan 1991. Tarayyar Turai ce ta ɗauki mafi yawan nauyinsa ƙarƙashin Yarjejeniyar Lome, wadda ta tsara hulɗarta da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik tun 1975. Shirin ya shafi ƙananan hukumomi tara na yau: Bade, Bursari, Gaidam, Jakusko, Karasuwa, Machina, Nguru, Yunusari da Yusufari.

Tsarinsa ya sha bamban da manyan ayyukan gwamnati na lokacin. Jami'ansa sun zauna cikin ƙauyuka, jama'a suka kafa ƙungiyoyin raya gari, su ke faɗin abin da suka fi buƙata, ko rijiya ko dashen itatuwa ko kayan noman rani ko ajin yaƙi da jahilci.

A ranar 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta zartar da hukuncin kisa kan Ken Saro-Wiwa da wasu 'yan ƙabilar Ogoni takwas a Fatakwal. Ƙungiyar Kwamanwelt ta dakatar da Najeriya, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da ayyukan raya ƙasa da take ɗaukar nauyi. Rikicin da ya faru a can kudancin ƙasar ya katse kuɗin rijiyoyin Yusufari. Gwamnatin Tarayya da ta Yobe suka karɓi ragamar shirin, kuma har yau yana nan yana aiki, sai dai ƙarfinsa ya koma bin abin da kasafin kowace shekara ya ba shi.

Abu biyu ake iya karantawa a nan. Kyautar waje takan tsaya saboda dalilan da ba su da alaƙa da mai cin gajiyarta. Sannan abin da ya sa NEAZDP bai mutu ba shi ne an samu gwamnatin gida da ta sa shi cikin kasafinta. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Daga kyauta zuwa asusun jihohi

A shekarun 2000 salon ya canza. Ma'aikatar raya ƙasashe ta Birtaniya DFID ta tallafa wa wani shirin inganta rayuwar mazauna dausayin, inda al'ummomi suka riƙa haɗuwa suna yashe hanyoyin ruwa da aikin gayya. IUCN kuma ta haɗa kai da Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya da Gidauniyar Kare Muhalli domin auna ruwan kwarin Komadugu Yobe baki ɗaya da tsara yadda za a raba shi.

Wannan aiki ne ya kai ga taron ƙoli na Damaturu a 2006, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, inda jihohi shida da ke cikin kwarin, wato Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, suka amince da kafa asusun amana na Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe. Kowace jiha ta yi alkawarin naira miliyan 100, Gwamnatin Tarayya ta ƙara nata. Irin tsarin da ake fata daga ƙasa mai matsakaicin kuɗin shiga ke nan: baƙo ya kawo ilimi da kuɗin somawa, mai gida ya kafa hukuma da kuɗinsa. Asusun yana nan da ofishinsa a Damaturu, amma kuɗin da aka tara a 2006 ya yi kaɗan ga kwarin da miliyoyin mutane ke sha daga gare shi, kuma faɗuwar darajar naira ta ƙara rage masa nauyi. Kacalla dai ba ta daina yaɗuwa ba.

Zamanin rance

Manyan kuɗaɗen da ke shiga yankin a yau daga rance suke. A 2014 Bankin Duniya ya amince da kimanin dala miliyan 495 domin shirin TRIMING na gyaran madatsu da ayyukan noman rani, ciki har da na Kogin Kano da na kwarin Haɗeja. A ƙarƙashinsa ne Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta yi aiki da masana daga Sifen da Amurka kan yadda za a mayar da kacalla abincin dabbobi da iskar gas ta girki.

A Disamban 2021 kuma bankin ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace cikin shekara shida. Yobe na cikin jihohin da ke cin gajiyarsa, domin tana fama da kwararowar hamada a arewa da toshewar koguna a dausayi.

Wannan kuɗi yana da yawa, kuma sharuɗɗansa sun fi na kasuwa sauƙi. Amma bashi ne, kuma da kuɗin waje za a biya. Lokacin da aka amince da ACReSAL dala ɗaya tana kusan naira 410 a farashin gwamnati, wato dala miliyan 700 ba ta kai naira biliyan 300 ba. Bayan sakin farashin naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin nan ya zarce naira tiriliyan ɗaya. Yaran da ke firamare a Nguru yau suna cikin waɗanda za su biya. Saboda haka duk itacen da aka dasa bai rayu ba, da duk hanyar ruwan da aka yashe ta sake toshewa, asara ce sau biyu.

Janyewar masu bayarwa

A 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta buƙaci ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigarsu domin taimakon raya ƙasashe. Kaɗan ne suka taɓa cika wannan. Birtaniya, wadda ta cika na wasu shekaru, ta haɗe DFID da ma'aikatar harkokin wajenta a 2020, ta rage kason zuwa 0.5 a 2021, sannan a Fabrairun 2025 ta sanar da cewa zai sauka zuwa 0.3 nan da 2027 domin ƙara kuɗin tsaro. A Amurka, Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025, kuma zuwa Yulin shekarar an rufe hukumar USAID.

Tasirin ya iso Arewa Maso Gabas da wuri. A Yulin 2025 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya WFP ta yi gargaɗin cewa ƙarancin kuɗi zai tilasta mata dakatar da agajin da take ba mutum miliyan 1.3 a yankin. Tun kafin nan Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 domin cike giɓin da janyewar Amurka ta bari.

Idan aka dubi tattalin arzikin ƙasa gaba ɗaya, tallafin waje ƙaramin abu ne. A yawancin shekarun baya kusan kashi 1 cikin 100 ne na kuɗin shigar Najeriya, kuma kuɗin da 'yan ƙasar mazauna ƙetare ke aikowa, kimanin dala biliyan 20 a shekara, ya ninka shi sau da dama. Sai dai tallafin ya taru ne a wuraren da kasafin gida bai cika isa ba: rigakafi, maganin cutar tamowa, ruwan sha na karkara da kare muhalli. Shi ya sa raguwar da ba za a ji ta sosai a Abuja ba take zama babban al'amari a ƙaramin asibitin ƙauye a Machina.

Abin da ya rage a hannun gida

Haɗin gwiwa da waje bai ƙare ba, ya dai sauya kama. Ciwon ƙoda da ya daɗe yana addabar Gashuwa da garuruwan bakin kogin Yobe misali ne. Gwamnatin jihar ce ta ɗauki nauyin binciken musabbabinsa ta hannun cibiyar binciken kimiyyar lafiya ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, masana daga Birtaniya kuma suka shigo a matsayin abokan aiki. Tambayar ta gida ce, kuɗin somawa ma na gida ne.

Haka batun ruwa yake. Akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, akwai asusun jihohi shida, akwai Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, akwai kuma yarjejeniyar rabon ruwa da Najeriya da Nijar suka sanya wa hannu a Maiduguri a 1990. Abin da mazauna dausayin ke jira shi ne a riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa bisa jadawalin da ya dace da damina da rani, a kuma ware kuɗin yashe hanyoyin ruwa kowace shekara kamar yadda ake ware na albashi. Duka biyun hukunci ne na gwamnatocin Najeriya.

Akwai tambayoyin da 'yan majalisar jiha da masarautun Bade da Nguru da Machina da ƙungiyoyin manoma za su iya yi game da kowane sabon shiri: kyauta ce ko rance, nawa ne kason jiha kuma an biya shi, wace ma'aikata za ta gaji aikin, kuma nawa aka sa mata a kasafi domin kula da shi. Lokacin yin waɗannan tambayoyi ya matso. Wa'adin tallafin Gavi da aka tsawaita zai cika a 2028, kuma a daidai wannan lokaci ne shekara shida ta ACReSAL za ta ƙare. Kasafin da Abuja da Damaturu za su rubuta kafin nan shi zai nuna ko ayyukan da aka fara a Nguru da Gashuwa za su ci gaba.